Jika 35 ɗina da maganar korar koci tsakiyar kaka

Ni ma an taɓa korata daga aikin koci. Na faɗi haka tun farko ne don in kun ji ɗaci-ɗaci a maganata ku san inda ta samo shi.

Ba wani kulob ba ne mai suna. Yaran unguwarmu ne a nan Tawa, waɗanda nake tarawa duk babban hutu in an rufe lekwal, mu shiga gasar unguwanni. Aikina na ainihi karantarwa, ƴan CM2, ajin ƙarshe na firamare, nake riƙe da su, kuma rabin yaran da ke buga mini ƙwallo ta ajina suka bi. Shekara huɗu na yi ina wannan hidima ba a ba ni ko dala, ban kuma nema ba. Mai saya mana mayo da takalma wani Alhaji ne ɗan unguwa, yana da shago a Abijan, yakan zo gida da damina ya ga gonakinsa. A shekarar da abin ya faru ya yi jinkirin zuwa, sai ya bugo waya ya ce in riƙa kashewa ina rubutawa, in ya iso zai biya. Ruwan leda, ƙanƙara, kuɗin alƙalin wasa, ɗinkin ƙwallo biyu, da kabu-kabun da ya kai yaro guda likita ranar da ya gurɗe. Na rubuta su ɗaya bayan ɗaya a bayan kayen da nake shirya darasi, suka tashi jika 35. Duk wanda ya san albashin malamin lekwal ya san jika 35 ba tsintarta ake yi ba.

Wasa biyu na farko aka ci mu, 2 da 0 sannan 1 da 0. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ruwa ya makara a wannan shekara, noman farko ya faɗo daidai lokacin gasa, uban mai tsaron gidana ya kwashe shi da ƙanensa, wanda shi ne mai ci mana ƙwallo, ya tafi da su ƙauye. Wa zai iya buɗe baki ya ce wa uba ya bar hatsi cikin ciyawa saboda ƙwallo?

Ranar Talata bayan la'asar na hau babur na nufi fili. Tun daga nesa na ji ana busa usur, na ce a raina yau kyaftin ya yi hankali, ya fara motsa su kafin in iso. Da na matso sai na ga wani mutum ne tsaye tsakiyar fili, usur a baki. Usur ɗina kuwa, wanda nake bari cikin jakar ƙwallaye, har da zaren takalmin da na ɗaura masa. Yara suna zagaya fili a guje, ba wanda ya yarda muka haɗa ido. Alhaji yana jingine da motarsa ƙarƙashin bedi, ya yafuto ni.

"Mushe, sannu da ƙoƙari. Ka ga yara sun ce a canza hannu. Ba don komi ba, kai ma ka huta."

Na ce, "Alhaji, waɗanne yara?"

"To, mutane dai. Duk inda na tahi cikin unguwa maganar ke nan. Ka san kuɗi munka sa."

"Kuɗin da na sa fa, Alhaji?"

"Haba Mushe, wanga ba komi ba ne. Sai mun zamna."

Ba mu zauna ba.

Ranar Lahadi suka ci 3 da 0, unguwa ta ɗauka wai sabon koci yana da hannu. Abin da ba wanda ya tsaya ya lissafa shi ne, tun ranar Juma'a yaran nan biyu suka dawo daga gona, kuma ƙungiyar da aka kara da ita ita ce wadda kowa ke lallasawa a rukunin. Na tsaya can bayan raga ina kallo. Yara goma sha ɗayan da zan sa da ni ne, su aka sa, kowa a gurbin da na koya masa. Kwanar da suka ci ta biyu da ita ma mako uku muka yi muna maimaita ta. Bayan mako biyu aka fitar da su da ci 4 da 1, ban ji wanda ya ce hannun ya karye ba.

Tun daga ranar nake kallon labarin sabon koci ya gyara kulob da ido ɗaya. Ba a korar koci ranar da abubuwa ke tafiya daidai. Ana korarsa ne ranar da komai ya taru ya cakuɗe: uku suna jinya, an haɗu da manya a jere, ƙwallo ta bugi turke sau biyu, alƙali ya hana fenariti. Irin wannan tarin tsautsayi ba ya ɗorewa, ko an kori mutum ko an bar shi. Masu jinya za su warke, ƙananan kulob za su biyo layi. Mutum ne ya kwana shida da mura, rana ta bakwai maƙwabci ya ba shi jiƙo, ya wayi gari garau, jiƙo ya yi suna. Ban ce sabon koci ba ya kawo komai ba. Wanda aka ajiye a benci wata biyu yakan taso da ƙarfinsa, wanda ya saba da gurbinsa har ya fara kasala yakan farka, ƴan kallo ma sukan sassauta zagi na ɗan lokaci, amarya ai ba ta laifi. Amma ɗokin amarya kwana nawa ne?

Abin da ya fama mini wannan tsohon miki ya faru ne ranar Asabar 18 ga Oktoba 2025. Muna gidan kallon unguwa, kowa ya biya dala 20, kuran ya ɗauke an tada gurub, Chelsea ta je har gida ta ci Nottingham Forest 3 da 0. Aka tashi muka yi sauri masallaci, don azahar ta riga ta wuce mu. Kafin mu dawo fada mu ɗora shayi labari ya shigo waya: an kori kocin Forest, Ange Postecoglou. Ko minti 20 ba a yi da tashi ba. Kwana 39 ya yi a kan aiki, wasa takwas bai ci ko ɗaya ba. Wannan fa shi ne mutumin da wata biyar kafin nan ya ɗaukar wa Tottenham kofin Europa, ta sallame shi kofin bai huce ba. Kuma gurbin Nuno Espírito Santo ya shiga, wanda ya kai Forest gasar Turai amma aka kore shi a watan Satumba. Kaka ba ta cika wata uku ba suna kan koci na uku.

Akwai wani dattijo da muke ce wa Kawu, tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana bin hanyar Arlit. Ba ya goyon bayan kowane kulob, shayi ke kawo shi. Ya saurare mu muna ta hayaniya, ya kurɓi na farko, ya ajiye kofi.

"Ku yara, wanga ba aiki ba ne, auri-saki ne. Ko aure da yake sunna an yi ma saki iyaka. Ka yi ɗaya, ka yi biyu, na uku ƙohwa ta ruhe. Su waɗanga masu kuɗi wa ya yi musu iyaka?"

Aka bushe da dariya, amma maganar ta zauna. Tun daga ranar fadarmu ta rabu biyu, har yau ba ta haɗe ba.

Kawu bai san an taɓa gwada dokarsa ba, kusan yadda ya faɗe ta. A Birazil ne, ƙasar da koci kan fara aiki bai kwance jakarsa ba. A 2021 hukumar ƙwallonsu da kulob 20 na babban rukuni suka tsayar cewa kowane kulob kora ɗaya gare shi a kaka. In ya kori na biyu ba shi da izinin ɗauko wani daga waje, sai dai ya ɗora wani ma'aikacinsa da ya yi aƙalla wata shida a gidan. Koci ma an ɗaure shi, in ya ajiye aiki don kansa sau biyu ya gama da gasar sai baɗi. Doka ta yi kyau a takarda, sai dai an bar mata ƙofar baya: in ɓangarorin biyu suka ce sun rabu ne bisa yardar juna, ba a lissafa shi cikin kora. Shi ke nan, rabuwa ta koma duk ta yardar juna. Ba sai an gaya maka yadda ake samun irin wannan yarda ba, mai kuɗi ne zaune bayan tebur, kai kuma haƙƙinka yana aljihunsa. A 2022 aka soke dokar. Da na ba Kawu wannan labari cewa ya yi, "To ai ko nan haka na. Wani shi kan matsa ma mace har ita da bakinta ta ce a sake ta."

Ɗaya ɓangaren fadar mai gyaran babur ke jagoranta, ɗan Chelsea na gani-kashe-ni. Kuma gaskiya yana da hujja a hannu. A watan Maris na 2012 Chelsea ta kori André Villas-Boas ta ba Roberto Di Matteo riƙon ƙwarya, a watan Mayu ya je Munik ya ɗauke kofin Zakarun Turai a gidan Bayern, daren da Drogba ya farke da kai sannan ya buga fenaritin ƙarshe. A watan Janairu na 2021 ta kori Frank Lampard tana ta tara a teburi, Thomas Tuchel ya zo, a watan Mayu ya doke Manchester City 1 da 0 ya ɗauko na biyu. Kofin Zakarun Turai biyu ke gare su, duka biyun kocin tsakiyar kaka ya kawo. Yana ɗaure ƙafar babur yana ce mini, "Mushe, da haƙuri ake ɗaukar kofi da Arsenal ta cika ɗaki." Ni ɗan Arsenal ne, shi ya sa.

Wanda ya fi shi zafi ƙanena ne da ke Abijan, yana sayar da kayan waya a Ajame. Shi ya gani da idonsa. Ranar 22 ga Janairu 2024 Ikwatoriyal Gini ta zura wa Kodibuwa 4 da 0 a gasar Afirka, a gidanta, gaban mutanenta. Ya ce a daren nan da wuri suka rufe shago. Bayan kwana biyu kocinsu Jean-Louis Gasset ya tafi, alhali ba a ma san ko ƙasar za ta wuce rukuni ba, sai da Maroko ta ci Zambiya 1 da 0 sannan suka samu suka laɓa cikin na ukun da aka tsallakar. Hukumarsu ta nemi aron Hervé Renard daga ƙungiyar ƙwallon mata ta Faransa, aka hana ta. Dole aka miƙa wa mataimaki, Emerse Faé, wanda ya cika shekara 40 a wannan rana, bai kuma taɓa jan babbar ƙungiya ba. Ya fitar da Sanagal mai riƙe da kofi a bugun fenariti, ya fitar da Mali da ɗan wasa goma a fili, ya fitar da Kwango, ranar 11 ga Fabrairu ya doke Najeriya 2 da 1 bayan ita ta fara ci. Duk lokacin da na ɗaga maganar iyaka, saƙon murya ɗaya ƙanena ke turo mini: "Yaya, da an bar tsohon nan da yanzu labari ake. Wani ciwon sai wuƙa."

Na daɗe ba ni da amsar da zan ba su, har wani dare da na zauna na jera sunayen da suke jifana da su a kaye, kamar yadda nake jera sunayen ƴan aji. Di Matteo mataimaki ne, yana cikin gida. Faé mataimaki ne, yana cikin gida. Zidane, da ya karɓi Real Madrid a watan Janairu na 2016 bayan Rafael Benítez ya ɗauki kofin Zakarun Turai uku a jere, daga ƙaramar ƙungiyar kulob ɗin aka hawo da shi. Hansi Flick, da ya karɓi Bayern a watan Nuwamba na 2019 ya kwashe kofuna, mataimaki ne. Tuchel zaune yake, PSG ta sallame shi wata ɗaya kafin nan. Klopp ma zaune yake sa'ad da Liverpool ta kira shi a watan Oktoba na 2015. Duk cikinsu ba wanda dokar Birazil za ta tare wa hanya, don kora ta farko ce. Kuma ba ɗaya da aka fizgo daga bencin wani kulob ana cikin wasa.

Waɗanda dokar za ta kama irin su Watford ne. A kakar 2019 zuwa 2020 ta kori Javi Gracia bayan wasa huɗu, ta dawo da Quique Sánchez Flores ta kore shi farkon Disamba, ta ɗauki Nigel Pearson, wanda ya ci Liverpool 3 da 0 lokacin da ba wanda ya kayar da ita a gasar wannan kaka, shi ma ta kore shi saura wasa biyu a gama. Ta faɗi. Ta dawo, ta sake cin koci uku a kaka ɗaya, ta sake faɗuwa. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba. To amma irin wannan kulob doka yake bukata? Teburi ya riga ya hukunta shi. Mai gidan da ke canza tela duk mako, rigarsa ce ke lalacewa, ba ta maƙwabci ba.

Don haka ni ban tsaya tare da Kawu a kan lissafin sau nawa ba, duk da zuciyata tana wurinsa. Ina cewa zuciyata don mu ƴan Nijar muna da namu tabon. Harouna Doula Gabde shi ya kai ƙungiyar ƙasarmu Mena gasar Afirka karon farko a tarihi. A watan Oktoba na 2010 muka ci Masar 1 da 0 a filin Seyni Kountché da ke Yamai, Moussa Maâzou ya ci, Masar ɗin da ta ɗauki kofi uku a jere. Ranar ƙarshe ta wasannin neman gurbi ƴan Afirka ta Kudu suka yi ta rawa a fili suna tsammanin sun wuce, ba su karanta doka ba, ashe mu ne. A ƙarshen 2011 hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta zaɓi Doula gwarzon kocin Afirka. Wata ɗaya bayan nan Gabon ta ci mu 2 da 0 a wasan farko, sai ragama ta koma hannun Bafaranshe Rolland Courbis, wanda aka kawo a matsayin mai ba da shawara. A faɗi gaskiya yara sun fi taɓukawa a wasa na biyu, har William Ngounou ya ci mana ƙwallonmu ta farko a gasar, amma Tunisiya ta ci 2 da 1, Maroko ta ci 1 da 0, muka dawo ba maki. Ƙungiyar ƙasa ce ba kulob ba, na sani. Amma ranar da na ji usur ɗina a bakin wani, Doula na fara tunawa.

Iyakar da zan sa wa Turawa guda ce: kada kulob ya ɗauki kocin da ke kan aiki a wani kulob sai lokacin da kasuwar ƴan wasa ke buɗe. Ɗan wasa, kowane irin gwani ne, ba ya tashi daga wannan kulob ya koma wancan a watan Oktoba, sai ya jira Janairu ko ƙarshen kaka. To me ya sa mutumin da ya zaɓi ƴan wasan, ya tsara yadda za su buga, shi zai tafi ranar da ya ga dama? A watan Satumba na 2022 Brighton tana ta huɗu a teburi, Chelsea ta kori Tuchel, ta miƙa hannu ta ɗauke Graham Potter har da mataimakansa, bai cika wata bakwai ba ta kore shi. A watan Nuwamba na 2024 Manchester United ta ɗauke Rúben Amorim daga Sporting tana kan gaba a Fotugal. Sporting ta gwada na cikin gida bai yi ba, a watan Disamba ita ma ta juya ta ɗauke Rui Borges daga Vitória ta Guimarães. Babba ya yi ɓarna a gidansa, na ƙasa da shi ya biya, na ƙasan ma ya nemi wanda ya fi ƙarfi.

Mai gyaran babur ya ce ai an biya su. Gaskiya ne, Brighton ta karɓi fam miliyan fiye da 20, ta ɗauko Roberto De Zerbi, ta gama ta shida, ta shiga gasar Turai karon farko. Sporting ma ta ɗauki kofin ƙasarta a wannan kaka. Har Alex Ferguson, da kowa ke kafa hujja da shi a kan haƙuri don ya kai 1990 kafin ya ɗauki kofin farko, a watan Nuwamba na 1986 aka ɗauko shi daga Aberdeen ana tsakiyar kaka. Da dokata tana aiki da sai ya jira. To ya jira mana. Mutumin da zai yi shekara 26 a wuri, ƴan makonni ba za su rage shi da komai ba. Ba kowane kulob ke da idon Brighton ba, kuma ba kowane ke da ƙaramin da zai juya ya murƙushe ba.

Wannan duk maganar talabijin ce. Abin da ya fi taɓa ni yana nan gida, kuma ba ruwansa da sau nawa.

Manyan kulob ɗin ƙasar nan galibi a Yamai suke, da yawansu na hukumomi ne: AS FAN na soja, AS GNN na gardi, USGN na jandarma, AS Douanes na duwan, AS Police na ƴan sanda, sai irin su Sahel SC da Olympic FC. In ka bar Yamai, musamman a ƙananan rukuni, kulob yakan rataya ne a wuyan mutum ɗaya mai hali, kamar dai yadda muka rataya a wuyan Alhajinmu. Ina da aboki da muka yi makarantar horon malamai tare, shi ya ɗauki abin da gaske har ya je ya yi kwas ya samu takardar koci. Wani kulob na ƙaramin rukuni ya ɗauke shi, ba zan faɗi suna ba. Yarjejeniyar baki ce, aka yi musafaha aka shafa fatiha. Wata biyu na farko aka biya shi, daga nan sai a yi haƙuri. A cikin mota aka kore shi, suna dawowa daga wasan waje, ta waya, yara suna ji. Yana bin su wata biyar. Ranar Lahadi mai zuwa wani yana zaune a bencinsa, an ba shi kuɗin somin taɓi. Abokina bai kai ƙara ko'ina ba. Ba takarda, kuma shugaban kulob ɗin surukin ɗan uwansa ne, in ya kai shi gaban hukuma shi za a ce bai da kunya.

Tun watan Janairu na 2021 FIFA tana da dokokin da ke kare koci. In aka riƙe masa albashin wata biyu yana iya ba da wa'adi ya tafi ya nemi haƙƙinsa, kulob ɗin da aka yanke wa hukunci ya ƙi biya kuma ana iya hana shi rajistar sabbin ƴan wasa. Amma wannan ƙofa ta kocin da ke aiki a ƙasar da ba tasa ba ce. Wato Bature ko Balaraben da aka ɗauko da jirgi yana da inda zai kai kuka, ɗan gida sai dai ya bar wa Allah.

Ga iyakar da nake so, kuma ba ta bukatar ko sisi daga baitulmali. Ɗan wasa ba ya shiga fili sai da lasisinsa, koci ma ba ya zama benci sai da nasa. To hukuma ta ce: a farkon kaka kowane kulob ya ajiye mata kwantiragin kocinsa a rubuce. Ranar da ka ga dama ka kore shi, sau ɗaya ko sau biyar, ba wanda zai hana ka. Amma sabon ba zai samu lasisin zama benci ba sai an biya tsohon, kuma kuɗin ta hannun hukuma zai bi, ba takardar mun rabu lafiya da aka sa mutum ya sa wa hannu a ofis ba. Ƙofar da ta kashe dokar Birazil ke nan a toshe. Kafin ka biya, mataimaki ya riƙe, mun dai ga abin da mataimaka suka yi.

Wani a fada ya ce wannan zai ɗaure ƙananan kulob, su maƙale da kocin da bai iya ba don ba su da kuɗin sallamarsa. Na ce wanda bai iya biyan tsoho ba, da me zai biya sabo? Da kuɗin tsohon ne ai. Shugaban da ya san sai ya ƙirga wata biyar a tebur kafin ya canza hannu, zai kwana yana tambayar kansa ko kocin ne matsala ko yaran da ba su ci abincin kirki ba tun jiya. Chelsea kam za ta biya ko nawa ne ba ta ji a jikinta ba, kuma wanda aka kora da fam miliyoyi ba shi nake tausayi ba.

Da ruwan farko ya sauka bana, Alhaji ya iso. Mutumin nan da aka ba usur ɗina ya daɗe da komawa Yamai, wanda aka sa bayansa ma ya tafi bida Aljeriya. Bayan magariba ya aiko yaro wai yana son ganina. Na tarar da shi a ƙofar gida bisa tabarma, an kawo fura.

"Mushe, yara sun ce kai suka so."

"Waɗanne yara, Alhaji?"

Ya yi dariya har da buga cinya. Na fiddo tsohon kayen nan daga aljihu, na buɗe shafin baya na ajiye gabansa, na kuma yago farar takarda na rubuta layi uku: ni zan riƙe yara har ƙarshen gasa, abin da na kashe a biya ni duk Juma'a, in za a canza ni a gaya mini a gida ba a fili ba.

"Haba Mushe, tsakaninmu har da takarda?"

Na ce, "Don mantuwa ne, Alhaji, ba don komai ba."

Ya juya ta gaba da baya, ya sa hannu da ajami. Sannan ya laluba aljihu ya ƙirgo jika 20, ya ce sauran 15 sai ya sayar da albasa. Usur ɗin ba a gan shi ba, na sayi wani a kasuwar Lahadi. Wasanmu na farko jibi ne, kuma mai tsaron gidana na bana tun shekaranjiya yana ƙauye.